Yadda Za Ku Sa Ɗan Majalisarku Ya Tsaya Wa Asibitin Unguwarku

Duk wanda ya taɓa zuwa ƙofar gidan ɗan majalisa ranar Asabar da safe ya san irin layin da ake yi. Wannan na riƙe da takardar magani, wancan matarsa za a yi wa tiyata, wani kuma jini ake nema a ƙara wa ɗansa. Honorabul ya fito, ya sa hannu a aljihu, ya sallami wanda Allah ya ciyar, sauran su dawo wani makon. Kuɗin da ke fita ta nan ba kaɗan ba ne, amma asibitin da ya jawo layin yana nan yadda yake: ba ungozoma da dare, ba magani a kanta, ɗakin haihuwa sai da fitilar waya.

Wannan jagora ta masu son gyaran asibitin ce, ko kwamitin ci gaban mazaɓa ne, ko ƙungiyar matasa, ko matan Islamiyya, ko ma'aikatan lafiya da suka yi ritaya. Ɗan majalisa yakan motsa idan aka kai masa buƙata ɗaya wadda ke cikin ikonsa, a lokacin da zai iya yin ta, daga bakin mutanen da ya tabbata ba aljihunsa suka zo nema ba, kuma za su sake dawowa.

Ku fara tantance wanda ke da iko

A nan mafi yawan ƙungiyoyi ke ɓata shekara guda. Lafiya a Najeriya hawa uku ce. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Shika, da cibiyoyin lafiya na tarayya, suna hannun Abuja, don haka maganarsu ta sanata ce da ɗan majalisar wakilai. Manyan asibitocin gari suna ƙarƙashin hukumar kula da asibitoci ta jiha. Asibitin sha-ka-tafi na unguwa kuwa yana tsakanin hukumar lafiya a matakin farko ta jiha da ƙaramar hukuma, tun bayan tsarin 2011 da ya ce a tattara harkar lafiyar matakin farko a inuwa ɗaya. Ɗaukar ma'aikata da tura su aiki a irin wannan asibiti ba Abuja ke yi ba. Idan ungozoma kuke nema, ɗan majalisar jiha da ciyaman da kansila ne mutanenku. Sanata zai saurare ku da fara'a, ya ce zai duba, kuma gaskiya ba abin da zai duba.

Sannan ku riƙe cewa ɗan majalisa ba ya ɗaukar nas, ba ya sa hannu a takardar fitar da kuɗi. Abin da ke hannunsa uku ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido kan ma'aikatu. Sashe na 128 da na 129 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba majalisar jiha ikon bincike da kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani, kamar yadda sashe na 88 da na 89 suka ba majalisar tarayya. Wannan ikon kiran shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi arha. Wasiƙa ɗaya daga kwamitin lafiya na majalisa zuwa ga shugaban hukuma takan tayar da fayil ɗin da ya shekara a kan tebur.

Ku binciki kwamitin da wakilinku yake ciki. In ba ya cikin na lafiya ko na kasafi, ba a rasa ba: aikinsa shi ne ya kai ku wurin shugaban kwamitin da kansa.

Buƙata ɗaya, wadda za a iya ƙirgawa

"A gyara harkar lafiya" ba buƙata ba ce, addu'a ce, kowa zai ce amin. Buƙata ita ce: a turo ungozoma biyu asibitin kaza domin a riƙa karɓar haihuwa da dare, ko a saki kason jiha na asusun lafiya kafin ƙarshen wata kaza, ko a sa masu buƙata ta musamman na mazaɓarmu cikin inshorar da gwamnati ke biya wa marasa ƙarfi.

Don ku san abin da kuke da haƙƙin nema, ku san dokokin da ke ƙasa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da ake kira BHCPF, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Yadda dokar ta raba shi: rabi ga inshorar lafiya don a biya wa talaka kulawar farko, kashi 20 ga magunguna da rigakafi da kayan aiki, 15 ga gyaran gini da na'urori da sufuri, 10 ga ma'aikata, 5 ga agajin gaggawa. An tsara aƙalla asibiti ɗaya a kowace mazaɓar kansila ya riƙa samun kuɗin kai tsaye a asusunsa duk wata uku, kuma shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa na cikin masu sa hannu tare da incajin asibitin. Dokar ta kuma ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi kawo nasu kason. Ga tambayoyi nan a shirye: asibitinmu na cikin jerin? Yaushe kuɗi suka shiga na ƙarshe? Jiha ta biya nata?

Haka nan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jihohi na da nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya, KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna. Sashe na 20 na dokar 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Sau tari ba sabuwar doka kuke buƙata ba, wadda ke akwai ce ba a aiki da ita.

Wani abu kuma da zan faɗa ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba: ku yi hattara da roƙon gini. Ɗan siyasa na son gini, domin ana yanka kirtani, ana liƙa allo mai sunansa. Ƙauyukanmu cike suke da asibitocin aikin mazaɓa masu sabon fenti da kwaɗo a ƙofa, saboda ba wanda ya tambayi hukumar lafiya ko tana da ma'aikacin da za ta tura. In ya ce zai gina muku, ku yi godiya, sannan ku ce: "Ranka ya daɗe, a fara samo mana takardar hukuma cewa za ta karɓa ta zuba ma'aikata." In hakan ba ta samu ba, gara a gyara tsohon, a sa sola da rijiyar burtsatse da ɗakin kwanan ungozoma.

Hujja daga unguwarku

Kiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce mata 1,047 ke rasuwa a Najeriya cikin kowace haihuwa 100,000. Adadi ne mai tayar da hankali, amma Honorabul ya sha jin sa a otal-otal na Abuja. Abin da bai sani ba shi ne halin asibitin da ke bayan rumfar zaɓen da ya ci da rata. Ku je ku ƙirga: ma'aikata nawa ne a takarda, nawa ke zuwa, nawa ne 'yan sa-kai marasa albashi, ƙarfe nawa ake rufewa, mata nawa suka zo awo a watan jiya, nawa suka dawo suka haihu a nan, firjin rigakafi na aiki, kilomita nawa ne zuwa asibitin da ake ƙarin jini, nawa mai Adaidaita ke karɓa da tsakar dare.

Ratar da ke tsakanin masu zuwa awo da masu haihuwa a asibiti ita kaɗai takan isa hujja, domin tana nuna matan na so, asibitin ne ba ya buɗe a lokacin da naƙuda ke zuwa.

Ku kare incajin. Ma'aikacin gwamnati ne, kuma ana iya jefa shi wani ƙauye mai nisa in aka ce shi ya fitar da magana. Ku karɓi bayanai ta hannun kwamitin mazaɓa, wanda ke da hurumin ganin rajista, kada ku ambaci sunan ma'aikaci. Hoton majiyyaci ko labarin wadda ta rasu kuwa, sai da yardar iyalinta. In kuna son takardun kasafi, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, kuma jihohi da dama na wallafa rahoton yadda aka kashe kasafi duk wata uku a intanet.

Duk wannan ku matse shi a shafi ɗaya. Sama: sunan ƙungiya da asibiti. Tsakiya: matsalar a layi huɗu da alƙalumanku. Ƙasa: abin da kuke so ya yi, da ranar da kuke fata, da lambar mutum ɗaya. Ku yi ta da Hausa da Turanci, domin ta Turancin ce hadiminsa zai kwafa ya mayar wasiƙa ko ƙudiri.

Ta wace ƙofa?

Akwai ofishin mazaɓa, in yana buɗewa. Ku kai wasiƙa can, a buga hatimin karɓa a kwafinku. Amma kowa ya san wasiƙa kaɗai ba ta buɗe ƙofa a ƙasar nan. Ku nemi wanda yake jin nauyinsa: hakimi ko dagaci, limamin masallacin da yake Juma'a in ya zo gida, tsohon malaminsa, shugabar matan jam'iyya ta mazaɓa. Mai kai ku ya zama mutumin da ba ya neman kwangila, in ba haka ba zaman zai koma nasa.

Hadimai kuma kada ku raina su. Mai tsara masa ganawa da mai rubuta masa takardun majalisa su ne za su tuna da ku ranar da shi ya manta. Haka akawun kwamitin lafiya a majalisa: 'yan majalisa na zuwa suna tafiya, shi yana nan, ya san ranar da za a zauna da yadda ake shigar da takarda. Ku san sunansa, ku gaishe shi.

Lokacin samunsa a gida: ƙarshen mako, hutun Sallah, da dogon hutun da majalisar tarayya kan tafi daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Kada ku tare shi da takarda a wurin ta'aziyya ko ɗaurin aure. Ku gaisa, ku ce kuna neman ganawa, ku bar shi.

Ranar ganawa

Mutum huɗu zuwa shida sun isa. A samu dattijo mai buɗe magana, mace wadda abin ya shafa kai tsaye, wanda ya san aikin asibiti, da matashi mai rubutu. In za ta yiwu, a haɗa 'yan jam'iyyu daban-daban, kuma kowa ya bar hular jam'iyyarsa a gida. Ku raba magana tun kafin ku fita, domin kuna iya samun minti goma kacal, waya na ta ƙara, wani na raɗa masa a kunne.

Bayan gaisuwa, dattijon ya cire masa fargabar farko: "Ranka ya daɗe, ba da ƙoƙon bara muka zo ba. Maganar asibitinmu ce, kuma mun san akwai abin da kujerarka za ta iya." Za ku ga ya gyara zama. Sai uwar ta yi bayani a taƙaice, yadda aka ɗauki maƙwabciyarta a daren damina aka tarar da ƙofa a rufe. Sai mai alƙaluma ya miƙa takarda. Sai a faɗi buƙatar a jimla ɗaya, a yi shiru.

Amsar da za ku fi ji ita ce "In sha Allahu za mu duba." Ku amsa da amin, sannan cikin ladabi ku ɗaure ta: "Allah ya ba da iko. Wa za mu tuntuɓa a ofis, kuma yaushe za mu dawo mu ji?" Kada ku tashi ba suna ba rana. Idan ya ce ba kuɗi, ku nuna masa abin da ba ya cin ko sisi: wasiƙa zuwa ga hukuma, tambaya ga kwamishina ranar kare kasafi, ziyarar kwamiti zuwa asibitin. Ziyarar nan ku nace a kanta, kuma in da hali a yi ta da yamma bayan an tashi, ba da safen da aka share harabar aka jera kujeru ba.

Sai maganar ambulan ɗin da za a miƙo a bakin ƙofa, "a sha mai." Ƙin karɓar kyautar babba abu ne mai nauyi a wurinmu, na sani. Amma ranar da kuka karɓa, kun koma cikin layin masu jiran sallama, kuma da wuya ku iya ɗaga murya gobe. Ku yanke shawara tun a gida, dattijon ya ce: "Mun gode ƙwarai, amma ƙungiya ta hana mu. In an yi mana aikin nan, an ba mu komai." In ya matsa, a ce ya aika wa asusun asibitin, a ba da rasit.

Ku bi kalandar kasafi

Buƙata mai kyau da ta zo a Janairu ta makara da wata shida. Ma'aikatu na fara tsara kasafin shekara mai zuwa tun tsakiyar shekara, gwamna kan gabatar wa majalisa wajen ƙarshenta, sannan kwamitoci su kira ma'aikatu su kare abin da suka nema. Don haka ku gana da wakilinku da hukumar lafiya tsakanin Yuni da Agusta, ku koma lokacin kare kasafi ku ba shi tambayoyi biyu a rubuce. Wasu majalisun, ciki har da ta Kano, kan yi zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafi. Ku je da takardarku. A Kaduna akwai tsarin da al'umma ke rubuta ayyukan da suka fi buƙata don a shigar da su kasafin ƙaramar hukuma.

A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wa nan ba. Kano da Kaduna sun kai a wasu shekarun, a takarda. To, warewa daban, sakin kuɗi daban. Tambayar da ta fi amfani a watan Yuli ita ce: daga cikin abin da aka ware, nawa aka saki? Wannan aikin sa ido ne tsantsa, kuma ɗan majalisar da kuka ba shi alƙaluman zai ji daɗin tashi da su a zauren majalisa.

Kada ku manta da sakatariyar ƙaramar hukuma. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ko ina aka kwana wajen aiwatarwa a jiharku, hukuncin ya ba ku dalilin zama da ciyaman da kansiloli ku tambayi kason lafiya.

In doka kuke nema

Nan sai an yi haƙuri mai tsawo. Ƙudirin doka na bin karatu na farko, na biyu inda ake muhawara, sai kwamiti da jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, sannan sa hannu. Gwamna ko shugaban ƙasa na da kwana 30, in ya ƙi, kashi biyu cikin uku na majalisa na iya tabbatar da ita. Ƙudirin da bai kammala ba kafin wa'adin majalisa na shekara huɗu ya ƙare, sai a sake daga farko. Ku bambanta shi da ƙudirin jan hankali, wanda ake yi a zama ɗaya, a yi labarinsa a rediyo, amma ba ya tilasta wa gwamnati komai.

Dokar 2014 kanta ta kwashe kusan shekara goma tana yawo. Majalisa ta amince da ita a 2011, Shugaba Jonathan bai sa hannu ba, aka sake bin layi har ya sa a 2014, kuma kuɗin BHCPF ba su shiga kasafi ba sai a 2018. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin wadda aka gada tun 1958. A matakin jiha abin kan fi sauri: a 2024 Kano ta samu dokar gwajin lafiya kafin aure. Darasin a aikace shi ne, ɗan majalisa ɗaya ba ya isa. Ku nemi masu mara masa baya daga shiyyoyi daban-daban, ku shigo da ƙungiyar likitoci da ta nas-nas da ta mata Musulmi, FOMWAN, ku zauna da malamai kafin ƙudirin ya fito fili, ku kuma sanar da ma'aikatar lafiya tun da wuri, domin gwamna zai tambayi kwamishinansa kafin ya ɗauki biro.

Bibiya, da abin yi in ya yi kunnen uwar shegu

Zumunci a ƙafa yake. Kwana biyu bayan ganawa, a aika saƙon godiya da ke maimaita abin da aka amince da ranar da aka sa. Bayan mako biyu a kira hadimin. Duk wata uku a aika masa rahoton rabin shafi kan asibitin, ko da ba a neman komai. In ya yi abin kirki, ku faɗa a fili da sunansa, a rediyo da Facebook da taron unguwa. Wannan ba fadanci ba ne, ladan aikinsa ke nan a siyasa, kuma takwarorinsa na kallo.

In wata uku suka wuce shiru, ku hau mataki-mataki. Wasiƙar tuni, da kwafi ga shugaban kwamitin lafiya. Sai takardar koke zuwa majalisa ta hannun kakaki ko wani ɗan majalisar, da sa hannun masu unguwanni da limamai. Sai taron gari, a gayyace shi a rubuce, a ajiye masa kujera. Rediyo ya zo a ƙarshe, kuma ku sanar da shi kafin ku shiga. Ku tsaya kan ranaku da takardu, ku bar zagi ga sojojin baka, domin da zarar an ce 'yan adawa ne suka turo ku, an gama da maganar asibitin. Idan aikin mazaɓa ne aka sa a kasafi ba a yi ba, hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci na bibiyar irin waɗannan ayyuka tun 2019, kuma shafin Tracka na ƙungiyar BudgIT na wallafa jerinsu.

Kiranye yana cikin kundin tsarin mulki, sashe na 69 da na 110, amma yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar, sai INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Kada ku ɓata ƙarfinku a nan. Wa'adin majalisun yanzu zai ƙare a 2027. Kafin zaɓe ku kai wa kowane ɗan takara, na kowace jam'iyya, takardar nan mai shafi ɗaya, ya sa hannu a gaban jama'a, sakataren ƙungiya ya adana kwafin tare da sauran wasiƙun, wanda ya ci zaɓe, ku kai masa ita a watansa na farko.